Layi Ɗaya da Mas'ud Ya Goge

Ranar da Mas'ud ya fara ɗora ido a kan Muhsina da musu suka fara, kuma wallahi ita ce da gaskiya, ko da yake har gobe ba zai yarda ba.

A wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta ne a Bebeji, ɗaki ɗaya mai fanka biyu, ɗayar ma ba ta juyawa. Malam Isa, mai koyar da haɗa shafukan intanet, ya ba ɗalibai aiki: kowa ya yi wa shafi guda kwalliya, wato launi, girman rubutu, da inda kowane maɓalli zai zauna. Wannan ɓangaren shi masu sana'ar suke kira CSS. Cikin minti ashirin Mas'ud ya gama, ya tashi yana miƙa don dai a san ya gama. Da ya waiwaya sai ya hangi wata mai hijabi ruwan toka a jikin taga, ta duƙufa tana rubuta nata layi bayan layi.

"Baiwar Allah, a haka ai sai Sallah ki gama," ya ce. "Ba ki san Tailwind ba ne?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na san shi mana. Ba shi ne wanda mutum zai jera sunaye goma sha biyar a kan maɓalli ɗaya, gobe ya dawo ya kasa karanta abin da ya rubuta ba?"

Aji ya kwashe da dariya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Kamilu, wani ɗan Tudun Wada mai shagon buga takardu, wanda ya girme su duka, kullum cikin shadda mai guga.

"Ku duka wahalar da kanku kuke," Kamilu ya ce. "Ga Bootstrap, an gama maka komai, kai dai ɗauka kawai."

Malam Isa ya buga tebur. "Ku saurara in raba muku gardama. Bootstrap riga ce ɗinkakkiya ta kanti, ka ɗauka ka saka yanzu, amma za ka gamu da mutum goma sanye da irinta. Tailwind yankakkun ƙyallaye ne, hannu daban, wuya daban, aljihu daban, kai za ka harhaɗa yadda ka ga dama. Na Muhsina kuwa tela ne da almakashinsa, zai auna ka, zai ɓata maka lokaci, amma ba za ka ga zare ko ɗaya da ya wuce ba."

A nan ne ta ɗago ta kalli Mas'ud, ta ɗan murmusa irin ta wanda ya ci wasa. Shi ke nan, bawan Allah ya koma kujerarsa ya zauna, ya manta me ya tashi yi.

Daga ranar ya sa mata suna Tela. Ita kuma da ta ji cewa daga wata ruga yake a bayan Doguwa, a wajen kawunsa yake zaune a Bebeji, sai ta sa masa Ɗan Fillo. Kafin wata uku na kwas ɗin su ƙare, musun nan ya koma cikin waya, safe da yamma.

"Telata, barka da asuba. Na yi mafarki kin karɓi Tailwind, har an yi walima."

"Allah ya sawwaƙe. Ka yi addu'a, wannan mugun mafarki ne. Ka karya kuwa?"

"Ban karya ba. Ina jiran ki ce in karya."

"To karya, Ɗan Fillo. Kuma ka sha shayi da zafinsa, jiya na ji kana tari."

Sai dai Mas'ud yana da ciwo guda, kuma in faɗa muku gaskiya ba ƙarami ba ne: kishi. Mahaifin Kamilu da mahaifin Muhsina abokai ne tun suna samari, don haka Yaya Kamilu take ce masa. Duk ranar da wannan "Yaya" ta fito daga bakinta, sai fuskar Mas'ud ta haɗe kamar hadari. Rannan Kamilu ya sunkuya yana kallon allon laftof ɗinta, minti biyu kacal, amma Mas'ud sai da ya kwana biyu yana amsa mata saƙo da "To" da "Madalla".

"Wai me na yi maka ne?" ta tambaye shi a bakin cibiyar.

"Ba komai."

"Ƙarya kake. Kai fa in kana fushi har kunnenka nunawa yake."

"Me ya sa sai shi zai duba miki aiki? Ni na mutu ne?"

Ta yi dariya har da riƙe baki. "Kai jama'a! Mutumin da ko launin maɓalli ba ya canjawa, shi zan kai wa aikina? Ka kwantar da hankalinka. Ranar da ka ga Bootstrap a aikina, to ka tabbata ba lafiya ba."

Da ma ba ta faɗi wannan maganar ba. Shi dai ya ɗauke ta ya adana.

Da kwas ya ƙare, Mas'ud ya tura kawunsa zuwa Badafi, garin su Muhsina a ƙasar Kiru, don neman izini. Mahaifinta, Malam Sha'aibu, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin, mutum ne mai magana ɗaya. Ya karɓi baƙo da mutunci, aka sha fura, amma bai ce e ba. Da baƙo ya tafi ya kira 'yarsa zaure.

"Ni ba na ƙin yaron nan don asalinsa," ya ce. "Fulanin Doguwa mun san su, mutanen kirki ne. Amma iyayensa suna da shanu suna da gona, shi bai riƙe sanda ba, bai riƙe fartanya ba, ya rungumi akwati yana dannawa. Kamilu ko ba komai na ga shagonsa da idona. Shi wannan me zan gani?"

"Baba, ai ni ma aikin nan nake yi."

"Ke ɗiyata ce, na san halinki. Shi ban san shi ba. Ba zan tilasta miki kowa ba, amma ba zan miƙa ki ga wanda ban sani ba."

Can sai dattijon ya gyara zama.

"Ga abin da za a yi. Kin san tarakta ɗaya ƙungiyarmu take da ita, kuma kowace damina sai an yi rigima a kan layi, wannan ya ce ranarsa ce, wancan ya ce an tsallake shi. Idan sana'arsa ta gaskiya ce, ya yi mana abin da kowane manomi zai buɗe a wayarsa ya ga sunansa da ranarsa. Ya kawo ranar taronmu, Asabar nan da mako huɗu. In na ga amfaninsa, a sake zama."

Aure dai ya rataya a kan shafi ɗaya. Cikin kwana huɗu Mas'ud ya gama cikin aikin: sunayen manoma tamanin da biyu, unguwanninsu, da ranar kowa. Saura kwalliya. To a nan fa aka tsaya. Shi ya ce Tailwind, don in ƙungiya ta girma a ƙara shafuka cikin sauƙi. Ita ta ce da hannu za a rubuta, a raɗa wa kowane ɓangare suna mai ma'ana, don ko bayan shekara biyar wanda ya buɗe ya gane. Kwana goma suna wannan ja-in-ja, suna jin daɗinta kuma, shafi yana zaune tsirara. Ai akwai lokaci, in ji su.

Ana haka aka aiko wa Mas'ud daga gida: mahaifinsa ya gurɗe a ƙafa, ga shi ana son a matsar da shanu daga fadama kafin ruwa ya sauka. Ya hau babur ya tafi, ya ce kwana biyar. A rugarsu babu sabis ko ɗigo, sai mutum ya hau wani dutse mai nisan tafiyar rabin awa.

Kwana biyu da tafiyarsa ruwa ya sauka, irin wanda ba a yi tsammani da wuri haka ba. Manoma suka tada hankali, kowa yana son tarakta. Malam Sha'aibu ya dawo da taro ranar Alhamis, saura kwana biyu.

Ranar Laraba bayan la'asar Mas'ud ya samu sarari ya hau dutsen nan. Wayarsa ta fara ƙara, saƙonni suna shigowa a jere, tara duk na Muhsina. Mai hankali ai saƙon masoyiyarsa zai fara buɗewa. Amma ɗan sana'a ɗan sana'a ne: idonsa ya faɗa kan wata sanarwa daga ma'ajiyar da suke ajiye aikin a intanet, wadda take nuna duk canjin da aka yi da sunan wanda ya yi shi. An taɓa aikin jiya. Ita ya fara dannawa.

Shafin ya buɗe da ƙyar. Ga shi nan tsaf, an yi masa kwalliya. Maɓalli shuɗi. Tebur mai ratsi-ratsi. A sama ƙaton hoton tarakta. Bootstrap ne, ko makaho ya shafa zai gane.

Ya shiga cikin rubutun. Sunan da ma'ajiyar ta nuna na Muhsina ne, amma hannun ba nata ba ne. Kowane mai wannan aiki yana da hannunsa, yadda ake gane rubutun mutum a takarda. Muhsina tana barin sarari tsakanin ɓangare da ɓangare, tana bayani da ƙananan baƙaƙe. Wannan kuwa an cusa komai wuri ɗaya, an rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa. Mutum ɗaya ne a duniya yake haka.

Sunanta, hannun Kamilu. Ma'ana a kan laftof ɗinta ya yi aikin. Ya zauna kusa da ita, yatsunsa a inda nata suke sauka, wataƙila har tana miƙa masa ruwa tana Yaya kaza, Yaya kaza. Kwana uku kacal da ya juya baya!

Mas'ud ya kalli saƙonnin nan tara ya ce a ransa, ai na san abin da ke ciki, ban haƙuri ne. Ya ƙi buɗewa. Ya nemo layi ɗaya tak da yake janyo Bootstrap cikin shafin, ya goge shi, ya adana. Duk abin da aka canja a ma'ajiyar nan take yake bayyana a shafin, don haka kwalliyar gaba ɗaya ta zube. A lissafinsa ai taro sai Asabar ta sama, zai dawo ya sake komai da Tailwind, kowa ya san matsayinsa.

Sai da zuciyarsa ta ɗan sauka sannan ya buɗe saƙonnin.

"Ɗan Fillo, ruwa ya sauka. Baba ya dawo da taro jibi Alhamis ƙarfe goma. Don Allah ka kira ni."

"Na kira ka ya fi sau ashirin. Na fara rubuta kwalliyar da hannu, amma Baba ya ce bai yarda in taɓa ba, wai aikinka ne ba nawa ba."

"Baba ya kira Yaya Kamilu da kansa, ya ce tunda ba ka nan ya zo ya rufa wa ƙungiya asiri. A zaure ya yi aikin, Baba yana zaune, ni ina cikin gida ina tuwo. Na faɗa maka ne don kada ka gani ranka ya ɓaci."

"Na sa ya yi da laftof ɗina ne don kada a ba shi mabuɗin aikinka. Na gaya wa Baba cewa cikin aikin duka naka ne, riga kawai aka ara. Ka bari taron ya wuce mu cire. Kada ka taɓa komai, ka ji? Ina kewarka."

Sauran biyar ɗin bai iya karanta su ba. Da sauri ya koma ma'ajiyar don ya mayar da layin. Allon ya yi baƙi. Caji ya ƙare.

Inna lillahi! Ya sauko daga dutsen nan da gudu kamar an biyo shi. Kafin ya kai ruga hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa, rafin da ke tsakaninsu da hanyar Doguwa ya cika ya batse. Babu wuta, babu mai waya mai caji, babu hanya.

Washegari bayan asuba, da ruwan rafin ya ɗan ja, ya tura babur ya haye. A Doguwa masu caji ba su buɗe ba. Sai a Tudun Wada ya ari batirin caji a wurin wani da ya sani, ya jona, ya cusa a aljihu, ya ci gaba da gudu. Wayar da ta sha danshi ta ƙi tashi. Sai da ya shigo Badafi, sha ɗaya saura, ya ji ta yi motsi a aljihunsa.

Ya jingine babur nesa kaɗan, ya lallaɓa ya raɓe a bayan wani rumbu. Daga nan yana hango gindin ɗorawar da ke ƙofar gidan Malam Sha'aibu. Manoma sun cika tabarmi, kowa da waya a hannu, ana ta hayaniya.

"Ni ranar Litinin ce ko Talata? Sunana ya hau kan na wani!"

"Wannan ai jagwalgwalo ne. Gara takardarmu ta da."

Muhsina tana tsaye a bakin zaure da laftof a hannu, Kamilu a gefe yana share gumi.

"Baba, wallahi shekaranjiya lafiya na bar shi," Kamilu ya ce. "Wani ne ya taɓa. A duba ma'ajiyar, ai tana nuna suna."

"Baba, bari in gyara, minti ɗaya ne," in ji Muhsina.

"Kada ki taɓa komai," Malam Sha'aibu ya ce. "Na tara dattawa sun bar gonakinsu. Kafin a gyara, ina so in san wanda ya ɓata. Duba ki gaya min."

Ta duba. Mas'ud yana kallon fuskarta lokacin da ta ga sunansa. A hankali ta rufe laftof ɗin.

"Ni ce, Baba. Kuskure na yi."

"Ke ce? Ke da na hana ki taɓawa?" Muryarsa ta tashi. "Abin da na tura ki Bebeji ki koyo ke nan, ki kunyata ni a gaban mutanen da suke ganin girmana?"

Waya tana hannun Mas'ud, ta kawo, sabis ya cika. Dannawa biyu zai yi layin ya koma, shafi ya dawo tsaf, kowa ya ce ai matsalar sabis ce, shi kuma ya shigo daga baya yana murmushi. Har ya ɗora yatsa. Sai ya ga Muhsina ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan murfin laftof ɗin.

Ya mayar da wayar aljihu ya fito. Wandonsa taɓo har gwiwa. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban dattijon.

"Baba, ina kwana. Ba ita ba ce. Ni ne na goge."

Kowa ya juyo ya kalle shi.

"Kai ne Mas'ud ɗin?" Malam Sha'aibu ya ce. "To don me mutum zai rushe aikinsa da hannunsa?"

Akwai ƙarya goma da Mas'ud zai iya yi, kuma babu manomi ɗaya a wurin da zai gane.

"Kishi ne, Baba. Na ga hannun Kamilu a aikin da sunanta a kai, zuciya ta ɗebe ni. Ta aiko min da bayani tun kafin nan, na ƙi karantawa."

Wani tsoho a bayan tabarma ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Kishi a cikin waya! Mu a zamaninmu sai ka ga mutum a ƙofar gidan yarinya. Yanzu har a rubutu ake gano shi?" Dariya ta zagaye wurin. Mas'ud ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Malam Sha'aibu bai yi dariya ba. "Na ji. To tunda kai ne malamin, amsa min. Ku uku, kowa da hanyarsa. Wacce ce ta gaskiya?"

Wannan tambayar ta fi ta farkon ɗaci. Mas'ud ya kalli Kamilu, ya sauke ido.

"Baba, a kwana biyu, abin da Kamilu ya yi shi ne daidai. Tasa hanyar ta fi sauri in lokaci ya ƙure, kuma ya rufa min asiri, ni na saka masa da wannan. Kamilu, ka yafe min." Ya numfasa. "Tawa tana da amfani in shafuka suna da yawa, ana ta ƙari. Amma nan shafi ɗaya ne, wayoyin ƙanana ne, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, masu karantawa kuma dattawa ne. Abin da ya dace shi ne mara nauyi, mai manyan baƙaƙe. Nata ne ya fi. Tun farko ta faɗa, ni na tsaya gardama."

Kamilu ya kaɗa kai, ya ɗan yi murmushin da bai kai ciki ba. "Ni dai kira na aka yi na zo. Amma hoton taraktan nan da na sa, gaskiya ya yi nauyi, a wayar Baba sai da muka jira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"To ku gyara a gabanmu," dattijon ya ce. "Ku biyun."

Aka shimfiɗa musu tabarma a bakin zaure. Muhsina tana rubutawa, Mas'ud yana riƙe da tsohuwar wayar mahaifinta yana gwadawa. Ba ta kalle shi ko sau ɗaya ba. "Ƙara girman sunan." Ta ƙara. "Ranar ta koma ƙasa." Ta gyara. Layi arba'in da 'yan kai, kafin a kira azahar an gama. Farin shafi, baƙin rubutu manya-manya, kowane suna da ranarsa a gabansa, ran yau kuma da kore. Tsohon nan mai hula ya buɗe a wayarsa ya ce, "Af! Ga ni nan, Talata. Ko ba tabarau na gani."

Da mutane suka watse, Malam Sha'aibu ya ce wa Mas'ud ya shiga a ba shi ruwa ya wanke ƙafa, ya ci abinci. A kan maganar aure bai ce uffan ba.

Ita ma Muhsina ba ta ce uffan ba, har kwana shida. Ya aika saƙo ya fi talatin, tana buɗewa tana ajiyewa. Ya rame, har kawunsa ya tambaye shi ko zazzaɓi ne. A rana ta bakwai amsa ta zo.

"Ba goge layin ne ya ɓata min rai ba. Saƙona yana gabanka, ka tsallake shi ka je kana tambayar kwamfuta a kaina. Ka yarda da ita, ba ka yarda da ni ba."

"Haka ne. Ba ni da abin cewa. Kishina ba zan ce miki ya tafi ba, don ƙarya zan yi. Amma na yi alkawari, daga yau duk abin da na gani, bakinki zan fara ji."

Minti goma babu amsa. Bawan Allah har ya fara zagaye ɗaki.

"Ranar nan da ka fito daga bayan rumbu da taɓo har gwiwa, na ji haushinka, na kuma ji ban taɓa son ka kamar lokacin ba. Baba ya ce ka turo magabatanka ranar Juma'a. Ka ci abinci, an ce ka rame."

Ihun da Mas'ud ya yi, sai da maƙwabta suka leƙo.

Bayan kaka, da aka kai amfanin gona gida, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sha'aibu. Mutanen ruga sun zo mota biyu da ƙoren nono da man shanu, manoman Badafi sun cika wuri, don a bana ba a yi rigimar tarakta ko sau ɗaya ba. Malam Isa ya zo daga Bebeji. Kamilu ma ya zo, shi ya buga katin gayyata, kuma da ya miƙa wa ango hannu, ango ya riƙe da hannu biyu, ko da yake sai da kunnensa ya ɗan yi ja.

Da la'asar, kafin a tafi da amarya, dattijon ya kira su biyun zaure. Suka durƙusa a gabansa, Muhsina a lulluɓe tana sharar hawaye.

"Mas'ud, akwai abin da ban gaya maka ba," ya ce. "Ranar taron nan, tun da ka jingine babur na gan ka. Na ga ka raɓe a bayan rumbu da waya a hannu. Kuma na san ɗiyata, na san ba ita ta yi ba."

Muhsina ta ɗago da sauri. "Baba! Ka sani, kuma ka yi min faɗan nan a gaban mutane?"

"Ki yafe min, uwata. Ranar nan sai da na kasa cin tuwo." Ya juya ga angon. "Shafi kowa zai iya yi min. Abin da nake son gani shi ne, ranar da kunya ta taso, za ka bar ta a kan 'yata ko za ka zo ka ɗauka. Da ka gyara a ɓoye ka shigo kana murmushi, wallahi da ban ba ka ita ba."

Dattijon ya kamo hannun 'yarsa ya ɗora a na Mas'ud.

"Ga ta nan, amana ce. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya ta gari, ya rage maka kishin nan ko da rabi ne."

"Amin, Baba," Mas'ud ya ce.

Daga cikin lulluɓi, amarya ta ce amin ɗin da ta fi ta kowa ƙarfi.